Wai da gaske jama'a na iya riƙe kayan tarihinsu da kansu, ko sai an jira hukuma?

Safiyya_M

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan abun nan, dan wlh ya tsaya min a rai kwana biyu. Akwai wani tsohon ginin ƙasa da nake yawan wucewa ta gabansa, gini ne babba mai kauri wanda ya haura shekara ɗari, a bayansa akwai tsohuwar rijiya da wasu manyan itatuwa da suka fi ginin ma tsufa. Shekarun baya wasu suka zo da sunan gyara, suka kafa allo, suka shafe bangon gaba ɗaya da siminti suka yi masa fenti, aka ɗauki hotuna suka tafi. Babu wanda aka tambaya cikin masu zama a wajen. Yanzu simintin ya tsage ya fara ɓallewa falle falle, na sa hannu a inda ya ɓalle sai naji ƙasar ciki a jiƙe tana rugurgujewa kamar gari, alhali ba a yi ruwa ba ranar. Itatuwan kuma kullum sai an wayi gari an sare reshe, rijiyar ta zama wajen zuba shara.

Ni da wasu matasa muna so muyi wani abu, amma duk wanda muka tuntuɓa sai yace ai wannan aikin gwamnati ne, ku rubuta takarda ku jira. Wasu kuma sunce mu nemi ƙungiyoyin waje. Ni kuma ina jin ana ta maganar wai a bar wa al'umma su kula da gadonsu, toh tambayata, wannan maganar tana aiki kuwa a zahiri ko dai magana ce ta ɗakin taro kawai? Akwai inda aka gwada aka ga amfaninta? Kuma in za mu fara daga ina ya kamata mu kama? Nagode.

Tsohon Magini

Wa alaikumussalam 'yata. Kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, dan na kwashe shekaru ina ginin ƙasa kafin ƙarfi ya ƙare, kuma abun da kika taɓa da hannunki na ganshi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Bari in fara gaya miki abun da ya samu bangon. Ginin ƙasa numfashi yake yi. Yana shan laima daga ƙasa da damina, rana ta fito ya fitar da ita ta jikinsa, haka yake rayuwa. Ranar da aka lulluɓe shi da siminti an toshe masa hanci kenan, laimar na hawowa daga tushe ta rasa hanyar fita sai ta zauna a ciki tana cin bangon, ga gishirin ƙasa da take tahowa da shi yana taruwa a bayan simintin. Kuma siminti da laka basa tafiya tare, zafi da sanyi kowa yadda yake motsawa daban, dole a samu tsaga, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya kasa fitowa. Daga waje kiga bango fes, ki ƙwanƙwasa da yatsa kiji yana ƙara kamar ganga, toh ciki ya riga ya rabu. Duk tsohon magini da aka tambaya zai faɗi wannan kafin a zuba buhu ɗaya, amma ba a tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kince ko akwai inda aka gwada. Ki duba babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda ake cewa babu ginin laka da ya kaishi girma a duniya. Wanda yake tsaye yanzu a 1907 aka gama shi, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, amma abun da ya riƙe shi duk shekarun nan yaɓe ne da mutanen garin ke yi duk shekara. Ana kwaɓa lakar tun kwanaki kafin ranar, a haɗa ta da ƙaiƙayi a barta ta ruɓa a ramuka, yara na shiga suna tattakawa, ranar aiki mata su ɗebo ruwa, samari na gudu da kwandunan laka a ka, magina na sama suna shafawa da tafin hannu, dattawan magina na zaune a ƙasa suna nuna inda ba a yi daidai ba. Waɗannan itatuwan giginyar da kike gani sun fito daga jikin bangon a hoto, an barsu ne tun wajen gini dan mutum ya taka ya hau. Wato wanda ya gina ya riga ya san jikokinsa zasu dawo su gyara, sai ya bar musu matakala.

Akwai kuma wata gada a ƙasar Feru, Keswacaka, a kan kogin Afurimak, da ciyawa ake tufka igiyoyinta, tsawonta ya kusa mita 30. Ƙauyuka huɗu ke haɗuwa duk watan Yuni su yanke tsohuwar su saƙa sabuwa cikin 'yan kwanaki. A 2020 korona ta hana su taruwa, a watan Maris na 2021 gadar ta faɗi. Shekara ɗaya tak aka tsallake. Da suka samu dama a 2021 ɗin suka sake saƙa ta, saboda masu iya tufkar suna nan da ransu.

Shi yasa ni a wajena abun da za ku fara nema shine wanda ya iya aikin. Ku bincika ko akwai sauran tsofaffin da suka taɓa yaɓe wannan ginin ko suka ga iyayensu nayi, ku je ku durƙusa ku tambaye su daga wane rami ake ɗebo ƙasar, me ake haɗa ta da shi, kwana nawa ake barinta ta kwana, kuma ku haɗa su da yara biyu uku masu son koyo. In tsofaffin nan suka tafi da abun a kansu ko nawa aka kawo daga baya sai dai a sake kiran mai siminti.

Abu_Khalil

Baba ya gama magana a kan gini, Allah ya ƙara lafiya. Ni bari in ɗauki ɓangaren itatuwan dan nan na ɗan fi sani.

Ƙanwata amsar tambayarki eh yana aiki, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shine a ba mutane iko na gaske a rubuce. Yawancin abun da ake kira shigar da al'umma taro ne kawai ake kira a raba riguna a ce ku kula da dajinku, amma dajin na hukuma ne, kuɗin da ya fito na hukuma ne, in ka sari reshe a kama ka. Wa zai yi gadin abun da ba nasa ba?

Misalin da yafi burge ni na jamhuriyar Nijar ne. A da doka ta ɗauki itatuwa a matsayin na gwamnati ko da a cikin gonarka suke, dan haka manomi in yaga toho sai ya sassabe shi tun yana ƙarami kar ya girma ya jawo masa malaman daji. An yi ta dashen itatuwa da kuɗi masu yawa suna mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi ya lura cewa 'yan tsirran da ake gani a gonaki ba ciyayi bane, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abun da ake yi bashi da wuya, ka zaɓi reshe mafi ƙarfi ɗaya zuwa biyar a kan kututturen ka yanke sauran, ka kare shi daga dabbobi, saiwar da ta riga tayi nisa sai ta tura shi sama da sauri fiye da dashe. Amma abun bai bazu ba sai da manoma suka tabbatar itacen da suka raina nasu ne, zasu iya yanka su yi amfani su sayar. Daga nan maƙwabci ya koya wa maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

A Nefal dokar daji ta 1993 ta miƙa dazuzzuka ga ƙungiyoyin masu amfani da su, yanzu ƙungiyoyin sun haura 22,000, kuma binciken hotunan tauraron ɗan adam ya nuna dajin ƙasar ya tashi daga wajen kashi 26 cikin ɗari a 1992 zuwa wajen kashi 45 a 2016 (kodayake fitar matasa zuwa ci-rani shima ya rage matsi a kan dajin, a faɗi gaskiya). A Namibiya dokar 1996 ta ba mazauna karkara iko a kan namun dajin yankinsu, an fara da yankuna huɗu a 1998, yanzu sun kai 86, kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙasar, kuma da yawa cikin masu gadin namun 'yan wajen ne da suka san sawun kowace dabba.

Ki kwatanta da inda aka kori mutane dan a kare daji. Mutanen Batwa an fitar da su daga dajin Bwindi a Yuganda a farkon shekarun 1990 da aka mai da shi gandu, har yau yawancinsu basu da filin kansu. Mutanen Ogiek na dajin Mau a Kenya sai da suka je kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan adam a Arusha, a 2017 ta yanke cewa an tauye musu haƙƙi, kuma ba a nuna sune suka lalata dajin ba.

Dan haka kafin ku taɓa komai ku binciko wajen nan na waye a takarda. Na gado ne, na hukuma ne, ko an bayar da shi ne dan amfanin jama'a? Sannan su waye ke saran rassan kuma me yasa. Zaki iya tarar da cewa mace ce mai neman abun hura wuta ko mai dabbobi da rani ya matsa, in baku zauna da su kun samo musu mafita ba duk shingen da kuka yi zasu tsallake.

Maman Ilham

Ni dai kuyi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Ba wai ban yarda da abun da kuka faɗa bane, amma kalmar nan al'umma ana faɗinta kamar mutum ɗaya ne mai baki ɗaya, alhali in aka ce a kafa kwamiti mun san su waye ke zama a kai, masu faɗa a ji ne da 'yan uwansu, mata da talakawa da baƙin da suka daɗe a wajen sai dai a kira su ranar ɗaukar kaya. Na taɓa shiga irin wannan kwamitin na wata tsohuwar maƙabarta da bishiyoyinta, mu muka yi shara muka yi ban ruwa wata da watanni, ranar da tallafi ya shigo ko a taron ba a kira mu ba, sai labari muka ji, kuma har yau ban ga takardar yadda aka kashe ba. Daga ranar mata suka janye, wajen ya koma yadda yake. Ko shirin CAMPFIRE na Zimbabuwe, na ba mazauna karkara rabo daga kuɗin namun daji, da aka fara a 1989 ana ta yabonsa, babban ƙorafin da aka yi a kansa shine kuɗin ta hannun ƙananan hukumomi yake bi, abun da ke isa ga wanda giwa ta cinye wa gona kaɗan ne.

Na biyu, mu daina mantawa mutane ne ke kwana a cikin waɗannan tsofaffin gidajen. Baba ya kawo Jenne, toh a Jennen ma akwai mazauna da suka daɗe suna kukan cewa ƙa'idojin tarihi sun hana su sauya gidajensu, suna son ɗaki mai faɗi da banɗaki na zamani da daɓen da ba sai an gyara duk shekara ba, kuma yaɓen shekara shekara kuɗi ne, ga masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro, tun 2016 garin yana cikin jerin UNESCO na wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Ba adalci bane mai zaune a gidan bulo da fanka ya ce wa wani ya dawwama a ɗakin da ke yoyo dan hoto yayi kyau. In ana so su riƙe sai a taimaka musu gidan ya zama mai daɗin zama.

Amma kuma in faɗi gaskiya, abun da ya faru a Tumbuktu yana sa ni kuka in na tuna. A 2012 da masu makamai suka kama garin suka rurrushe ƙubbobin waliyyai, ba wata rundunar duniya ce ta ceci tsofaffin littattafan garin na rubutun hannu ba, iyalan da suka gaje su ne tare da su Abdel Kader Haidara, mai kula da wani ɗakin ajiyar littattafai a garin, suka dinga zuba su a akwatunan ƙarfe ana fitarwa a ɓoye ta mota da kwalekwale zuwa Bamako, dubbai ɗaruruwa, kowa na sane in an kama shi ransa ne. Daga baya maginan garin ne suka sake gina ƙubbobin, a 2016 kuma kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rusawar. Dan haka mutane na iyawa, ni dai roƙona Safiyya in za ku kafa wani abu ku sa mata da masu ɗibar itacen a ciki tun ranar farko, kuma duk abun da ya shigo a karanta shi a gaban kowa.

Malam_Idi

Hajiya ta faɗi gaskiya kuma damuwarta an yi bincike a kanta sosai. Akwai wata baiwar Allah 'yar Amurka, Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009. A lokacin ana koyar da cewa duk abun da aka ce na kowa ne ƙarshensa lalacewa, sai dai gwamnati ta karɓe ko a sayar wa ɗan kasuwa. Ita kuma ta bi makiyayar ƙauyen Törbel a Siwizalan da dazuzzukan ƙauyukan Japan da madatsun ruwan manoma a Sifaniya da Filifin, ta tarar mutane sun riƙe su ɗaruruwan shekaru basu lalace ba. Da ta duba me ya haɗa waɗanda suka ɗore sai taga an san iyakar wajen kuma an san su waye masu haƙƙi, masu amfani da abun su ke tsara dokar kuma suna iya sauya ta, masu sa ido daga cikinsu suke, hukunci kuma hawa hawa ne, karon farko jan kunne, na biyu 'yar tara, ba a fara da kora, sannan akwai wajen sasanci na kusa mara tsada, hukuma kuma ta amince da tsarin bata zo ta rushe shi ba.

A birnin Balensiya na Sifaniya har yau kotun ruwa ta manoma na zama duk ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar garin, alƙalan manoma ne da 'yan uwansu suka zaɓa, da baki ake shari'ar a gama a wajen, kowa na tsaye yana ji. Wannan shine maganin abun da ya samu su Hajiya, a yi komai a fili.

Kuma tsarin ba baƙo bane a Musulunci. Akwai hima, wato keɓe wani fili a hana cinye shi dan amfanin jama'a. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma ya umarci mai gadin da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya hana garken masu dukiya. A Labanan an farfaɗo da wannan tsarin tun 2004 ana kare wuraren tsuntsaye da shi ta hannun ƙauyuka.

Shawarata 'yar uwa Safiyya, kar ku fara da neman tallafi. Ku fara da rijiyar dan ita ce bata buƙatar izinin kowa sosai, ku yi gayya ku kwashe sharar ku yi mata murfi, mutane su ga da gaske kuke. Ku ɗauki hoton ginin ta kowane gefe da kwanan wata, ku naɗi muryar tsofaffi a waya suna bada tarihinsa. Takardar da aka ce ku rubuta wa hukuma ku rubuta, dan in ginin yana cikin rajistar kayan tarihi taɓa shi ba izini laifi ne a ƙasashe da yawa, amma ku rubuta cewa ga abun da muke so muyi ku turo mana masani, kar ku rubuta cewa ku zo ku yi mana.

Safiyya_M

Kai, Allah ya saka muku da alkhairi gaba ɗaya, ban zaci zan samu wannan ba. Yaya Abu_Khalil gaskiyarka, jiya na tsaya na lura, wata dattijuwa ce da jikokinta ke ɗibar rassan kuma ita ce ma ta gaya min mijinta marigayi na cikin masu yaɓe ginin a da, kuma ƙaninsa yana nan da rai duk da baya gani sosai. Ranar Asabar za mu je wajensa. Mama na ji maganarki, ita dattijuwar zata zama ta farko da za mu gayyata. Baba tambaya ɗaya ta rage, simintin da ya rage a jikin bangon mu ɓamɓare shi duka ne yanzu?

Tsohon Magini

A'a 'yata, kar ku yi gaggawa. Kar ku taɓa shi da damina, kuma kar ku cire duka lokaci ɗaya dan a wasu wuraren shine kaɗai ke riƙe da ruɓaɓɓiyar ƙasar, in kuka fizge bango na iya biyo ku. Abun da za ku yi yanzu ku duba indararo ko sun toshe, ku share su ruwan rufi ya dinga faɗuwa nesa da bango, ku gyara ƙasan gindin ya gangara waje kar ruwa ya kwanta a tushe, ku leƙa azarar ciki ko gara ta shiga. In rani ya kama, bayan masani ya gani an baku izini, sai a fara daga ƙasa, a cire kamar kamu biyu uku a bar wajen ya sha iska sati biyu ko fi, a kankare ruɓaɓɓen har a iske mai ƙarfi, a ɗan yayyafa ruwa, sannan a cike da laka irin ta asali sannu sannu, shafi ɗaya ya bushe kafin a ɗora wani. In kun je wajen tsohon ku tafi masa da ɗan ɓallen ƙasar bangon a hannu, ko baya gani in ya murza ta a yatsunsa zai gaya muku daga inda aka ɗebo ta.